Akwatin Tsohuwa Du da Ƙwayar Hana Mutuwa

A garinmu na Gadar Dutse, in aka ce wane ya cika baki, sai a tambaya, "Ya kai Meng Fulai?" Har yau ba a samu wanda ya kamo ƙafarsa ba. Ni na san shi tun yana yawo ba wando, don katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da rumfar da nake suyar awara, kuma katangar nan ba ta taɓa riƙe sirrin kowa ba.

Sau uku ya je birni zana jarrabawar shiga aikin sarki, sau uku ya dawo yana cewa masu dubawa hassada suke masa. Ya yi kiwon tsutsar siliki, tsutsotsin suka mutu. Ya yi kiwon agwagi, agwagin suka bi kogi suka tafi, ni dai ban ga laifinsu ba. Sai wata bazara ya hau Dutsen Hazo, wai neman ilimi wajen masu zaman kogo. Bai daɗe ba ya sauko da shuɗiyar riga, da butar duma rataye a kafaɗa, da ɗan gemu irin na bunsuru, ya ce daga yau sunansa Malam Farin Gajimare. Wani mai saran itace ya gaya mana ruwa kawai yake ɗebo wa wani tsoho a can sama, kuma tsohon ne ya koro shi saboda surutu.

Washegari ya tsaya a bakin rumfata yana shafa gemun, ya ce, "Gwaggo Shen, kalle ni da kyau. Kafin kaka ba za ki iya ganina ba sai kin ɗaga kai."

Na ce, "Bishiya za ka hau?"

"Sama zan hau, a bayan gauraka. Zan dafa ƙwayar da take hana mutuwa. Wanda ya haɗiye ta, shi da kabari sai dai labari."

"To kafin gaurakar ta iso, awara za ka saya, ko tare min iska ka zo yi?"

Ya yatsina fuska. "Na bar cin hatsi da wake. Mu iska muke ci da raɓa."

Yana faɗa maƙogwaronsa yana hawa da sauka, idonsa na cikin kaskon. Da yamma na kama shi a bayan rumfa yana tura yanka huɗu a baki lokaci guda. Ya ce ba ci yake ba, ban kwana yake yi da abincin 'yan ƙasa.

Da haukan nasa a kansa kaɗai ya tsaya, da mun yi dariya mun wuce. Amma akwai uwarsa, Tsohuwa Du, wadda nake kira Yaya. Matar nan ba ta da gona, ba ta da zinariya, ɗanta kuwa kun ji shi. Abu ɗaya take taƙama da shi a duniya: akwatin gawarta. Da kuɗin saƙa ta sayi katakon al'ul mai kaurin tafin hannu, Bian kafinta ya haɗa mata. Kowace bazara sai an yi masa sabon shafi na baƙin ƙaro, har ya kai shafi ashirin, yana sheƙi kana ganin fuskarka a jiki. A tsakiyar babban ɗaki yake zaune a kan ƙafafu biyu. A ciki take ajiye rigunan da za a sa mata ranar tafiya. In zafi ya yi yawa sai ta shige ta yi barcin rana, ta ce tana sabawa da gida. Tsofaffin garin nan in sun zo gaisuwa, akwatin suke fara shafawa suna ajiyar zuciya, ita kuwa tana murmushi kamar amarya.

Ana nan 'yarta da ke aure a Kwarin Shayi ta haihu, tsohuwa ta shirya tafiya zaman jego. A bakin ƙofa ta nuna Fulai da sandarta ta ce, "Ko ƙuda kar ya sauka a kansa."

Ya ce, "Inna, kafin ki dawo kin fi ƙarfin akwati."

Ta ce, "Ni dai na gaya maka."

Kwalekwalenta bai ɓace ba ya gina tanderu a tsakar gida. Ya tara jan dutsen nan da ake narkawa zaiba ta fito, da darma, da farar wuta, da farin gishirin da ake kankarowa a jikin tsohon bango. Sannan ya kafa dokoki. Mace ba ta kallon tanderu, kaza ba ta kallo, kare ba ya kallo, wanda ya je jana'iza ba ya kusanta. Babbar doka kuwa, in an kunna wuta ba ta mutuwa sai ranar buɗe tukunya. Matarsa Suyin, in za ta ɗebo ruwa, sai ta rufe fuska da kwando ta bi bango tana laluba. Ranar da ta yi karo da tulu ta fasa, na jiyo ta tana cewa, "Ni an hana ni kallo, kaza an hana ta. Kai da kake kallo me ka gani?"

Dahuwar farko ta fito da wasu 'yan dunƙulalle ja-ja kamar kashin awaki. Malam Farin Gajimare ya san dai ba a fara gwadawa a kan mutum, don haka ya leƙo ta katanga ya ga zakarana. Zakara ja, mai cara uku kafin na kowa, wanda nake tanadi don sabuwar shekara. Ya cusa ƙwayar a cikin shinkafa ya jefa masa. Ban san hawa ba ban san sauka ba, sai na ga zakara ya yi juyi biyu, ya miƙe ƙafafu sama. Ni zakaran gwajin dafi a karin magana nake jin sa, sai ga shi a tsakar gidana.

Na ɗauko shi ta ƙafa na fita titi ina ihu. Mutane suka taru. Fulai ya fito hannu a baya, ya duƙa ya shinshina gawar, ya miƙe fuskarsa cike da murna.

"Gwaggo, ina taya ki farin ciki! Bai mutu ba."

"Barci yake?"

"Ya tuɓe riga ne. Wannan da kike riƙe da shi ɓawo ne kawai, irin wanda maciji yake bari. Zakaran na gaskiya yana can sama yana yi wa marasa mutuwa cara."

"To ka ce masa ya sauko, shinkafar sabuwar shekara ba ta ciwuwa da ɓawo!"

Bian kafinta ya ce, "In dai ɓawo ne, a dafa mana mu gani." Fulai ya yi wuf ya ƙwace gawar ya ce ba a cin rigar mai tsarki, ya je ya binne a gindin katanga. Ko a lokacin ya san abin da ya sani.

Amma jama'a suka sa shi gaba, suka ce in gaskiya ne shi ya lasa. Don borin kunya ya gutsuri ɗan mitsitsi ya haɗiye a gabanmu. Kafin la'asar dasashinsa ya yi baƙi, miyau na zuba a gemu, hannu na rawa, hanyar bayan gida kuwa har ta yi santsi don sintiri. Na leƙa na ce, "Malam Gajimare, yau ruwa kake zubarwa?"

Daga can ciki ya amsa da 'yar muryar nishi, "Tsutsotsin nan uku da ke cin ran ɗan'adam ne suke fita. Biyu sun fita. Ta ukun ce take gardama."

Suyin ta ce, "Da ta ukun za ta fita da kai, da mun huta."

Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa da ya farfaɗo sai ya ce matsalar wuta ce, ba ta daɗe ba. Dahuwa ta biyu za ta yi ta ci har watan kaka ya cika. Ya kunna, sai ruwan sama ya kece kamar da gayya, aka yi ta yi ba ɗagawa. Gawayi ya ƙare. Itacen da ke waje ya jiƙe sharkaf, masu saro itace suka daina hawa dutse. Wuta kuwa ba ta mutuwa.

Ya fara da kujeru. Daga nan tebur. Daga nan ƙyauren babban ɗaki, sannan ƙyauren ƙofar gida, har karnukan gari suka riƙa shigowa suna kallon tanderun son ransu, yana bin su da tsintsiya yana ce musu su rufe ido. Ranar da ya sa gatari a masaƙar Suyin, ta ɗaure kayanta ta tsaya a bakin inda ƙofa take a da ta ce, "Na tafi gidanmu. In ka tashi sama ka bi ta can ka ɗaga min hannu." Ya rage daga shi sai tanderu sai abin da ke cikin babban ɗaki.

Da hantsi ina matse wake sai wani ƙamshi ya tsallako katanga, ƙamshin al'ul haɗe da ƙaurin ƙaro. Na taka turmi na leƙa. Ga Fulai ya jingine murfin akwatin a bango, ya riga ya faskare rabi.

Na ce, "Fulai! La'ananne! Gidan uwarka kake ƙonawa?"

Ya daka tsalle ya tare tanderu da rigarsa. "Gwaggo, rufe ido, za ki ɓata min aiki!"

"Aikin uwaka! Shekara ashirin tana shafa katakon nan!"

Ya share gumi ya dube ni kamar mai koya wa yaro ƙirge. "Gwaggo, yi tunani mana. Wadda ba za ta mutu ba, me za ta yi da akwati? Wasu 'ya'yan akwati suke saya wa iyayensu a ce sun yi biyayya. Ni nawa biyayyar ta fi: na sa uwata ta fi ƙarfinsa. Za a rubuta sunana a littafi."

"Za a rubuta, amma ba a shafin da kake zato ba."

Na zage shi har muryata ta dushe, bai hana shi komai ba. Murfi ya tafi, gefe ya bi, ɗaya gefen ya bi, ƙasan ma bai tsira ba. Rigunan tsohuwa ya cusa a buhu. Sai ya ɗaure sandunan gora a kan ƙafafun nan biyu, ya lulluɓa babban mayafi, daga nesa ka ce akwatin na nan. Ni kuma na sami mai kwalekwalen da ke zuwa Kwarin Shayi na ce ya gaya wa Yaya Du ta dawo ko jego bai ƙare ba, gidanta na cin wuta. Ban ce wane gida ba, bakina ya kasa.

Ranar buɗe tukunya Fulai ya sa aka buga ganga, ya gayyaci gari kaf. Maza a gaba, mu mata a baya, kuma wai mu juya wa tanderu baya. Muka juya, amma wuyanmu bai juya ba. A sahun farko aka ajiye wa mai gari Hu kujerar da ya zo da ita daga gida, tunda gidan babu ko ɗaya. Mai garin nan tsoron mutuwa yake kamar me, ko atishawa ya yi sai ya kira mai magani. Ya zo da sabon kwano a cinya, da gemunsa fari tas har ƙirji.

Fulai ya yi ta zagaya tanderu yana wata tafiya ta ɗingishi wai takun taurari, yana jawabi. Ya ce gobe war haka Bian kafinta zai nemi wata sana'a. Ya ce masu haƙa kabari su fara koyon kamun kifi. Ya ce saura abu ɗaya, a ɗan barbaɗa farar wuta da farin gishiri da zuma, kaɗan-kaɗan, da bakin cokali.

Ya ɗago cokalin ke nan sai aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan dutse. Jama'a suka dare. Tsohuwa Du ce, da ƙunshinta a baya, tana duban inda ƙofar gidanta take a da.

Ta ce, "Fulai, ina ƙyaure?"

Ya dubi uwarsa, ya dubi mayafin nan da ake hangowa a babban ɗaki, ya ga in ta ƙara taku goma ta isa. Ya ce, "Inna, tsaya nan! Yanzun nan za a gama!" Ya yar da cokali, ya ɗauki kwanon farar wuta ya juye duka, ya juye na gishiri, ya tuntsura tulun zuma a kai, ya kama zugazugi da hannu biyu.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, ko tsawa albarka. Wani farin haske ya tashi, rufin rumfar da ke kan tanderu ya yi sama, tukunya ta bi ta kan katanga ta sauka cikin kaskon awarata. Mai gari Hu ya wuntsila da kujerarsa, ƙafafu a sama kamar marigayi zakarana, rabin gemunsa na hayaƙi, yana ihu, "Na mutu? Ku gaya min gaskiya, na mutu?" Shi kuwa Malam Farin Gajimare ya tashi sama, wannan kam na shaida, amma bai wuce tsayin mutum ba ya dawo cikin kwatamin da ruwan sama ya tara.

Ya fito baƙi ƙirin, ba gira, ba gemu, shuɗiyar riga ta koma tsumma. Ku ce zai yi shiru? Ya rarrafa cikin toka yana tonawa, ya zaro wani baƙin dunƙule kamar goro, ya ɗaga sama.

"Ga ta! Kun ji tsawar nan? Sama ce ta amsa! An gama, jama'a, mutuwa ta bar garin nan!"

Ba wanda ya tafa. Ba shi ake kallo ba. Iskar fashewar ta yaye mayafin babban ɗaki, ga sandunan gora tsirara a kan ƙafafu biyu, tsohuwa na tsaye a gabansu.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dawo tsakar gida a hankali, ta sa sanda ta tona tokar tanderu, ta duƙa ta ɗauko wani guntun katako da bai gama ci ba. Ta goge shi da hannun riga, baƙin shafin ya yi sheƙi. Har mai gari ya daina tambaya. Ni da na zo dariya sai dariyar ta ƙi zuwa, don na san dare nawa matar nan ta raba tana saƙa saboda katakon nan.

Fulai ya matso yana washe baƙaƙen haƙora. "Inna, kar ki damu. Ai ba kya bukatarsa. Saboda ke na yi."

Ta ce, "Haka ne, ɗana." Ta miƙa masa tafin hannu. "Ba ni."

"Me?"

"Ƙwayar. Ka ƙone min gidana na can, sai ka zaunar da ni a nan. Ba ni in haɗiye."

Ya ja hannunsa baya. "Inna, ai sai ta huce."

"Na sha shayi da ya fi ta zafi."

"Ana yin azumi tukuna. Kuma sai an duba rana mai sa'a. Kuma mata..."

"Ka buga ganga ba ka duba rana ba? Ga mai gari da kwanonsa, shi azumin ya yi? Shen, ɗebo min ruwa."

Na ɗebo da gudu, ban taɓa yin aike da daɗin rai irin wannan ba. Ta karɓi kofin, ta sa hannu ta fizge dunƙulen daga yatsunsa, ta kai baki.

Sai ga Malam Farin Gajimare a ƙasa, ya rungume ƙafafunta, yana buga goshi a laka. "Inna, kar ki sha! Don girman kabarin Baba kar ki sha! Zakaran nan mutuwa ya yi!"

Ta ce, "Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Mutuwa ya yi! Murus! Ni na binne shi! Guba ce, Inna, ban san komai ba, ruwa kawai na ɗebo a kan dutsen!"

Na ce, "A rubuta wannan a littafi."

Dariyar da aka yi ranar har a hayin kogi an ji. Mai gari ya jefe shi da sabon kwanon. Tsohuwa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta yar da dunƙulen a kwatami, ta sa ƙugiyar sanda ta ɗago haɓarsa.

"Saurara. Ba za a naɗe ni a tabarma kamar wadda ba ta haihu ba. Gobe za ka bi Bian ka koyi riƙon zarto. Katakon al'ul, kaurin tafin hannu, da guminka za ka saya, da hannunka za ka haɗa. Shafi ashirin, ɗaya kowace bazara, kamar yadda ka tarar. Kuma ba inda za ni sai ka gama."

Bian ya ce, "Yaya, shekararki saba'in da ɗoriya fa."

Ta ce, "Ai sai mutuwa ta jira, ni ma na jira."

Haka kuwa aka yi. Fulai ya yanke yatsa, ya ɓata katako, ƙaron ya sa jikinsa ya yi ta ƙuraje kowace bazara, gira kuwa ɗaya ce kawai ta sake fitowa. Tsohuwa tana zaune a kansa da sanda, tana nuna inda shafi bai ji ba. Sau biyu ciwo ya kwantar da ita har aka kira dangi, sau biyu ta buɗe ido ta tambayi shafi nawa aka yi, da aka faɗa mata ta yi tsaki ta tashi ta nemi kunu. Ta binne mai gari Hu, ta binne Bian kafinta. Sai bazarar da shafi na ashirin ya bushe ta shafa murfin, ta leƙa fuskarta a ciki, ta ce ba laifi, ta sa aka ciro mata rigunanta daga buhu.

Da muka dawo daga rakiyarta, sai ga Fulai a bakin rumfata, kansa fari fat, yana shafa inda gemu yake a da. Ya ce, "Gwaggo, ki faɗi gaskiya. Duk masu tanderun ƙasar nan, wa ya taɓa ƙara wa mutum shekara ashirin in ba ni ba?"

Na ce, "Kai kaɗai ne. Yanzu saura zakarana."